Yadda Ake Taimaka wa Ɗan Firamare da Aikin Gida Ba Tare da An Yi Masa Aikin Ba

Malami ba don ya ga littafi fes yake ba da aikin gida ba. Yana bayarwa ne don yaro ya maimaita abin da aka koya a aji kafin ya bi iska, shi kuma ya gane daga amsoshin wa ya fahimta, wa aka bari a baya. Idan uwa ko yaya ta karɓi fensir ta cike shafin, ko ta zauna tana faɗa yaro yana rubutawa, gobe Malama za ta ba shi goma bisa goma ta wuce darasi na gaba da zaton ya iya, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Don haka ƙa'idar farko ita ce fensir ba ya barin hannun yaro. Shafin da ya koma makaranta da kuskure biyu na gaskiya ya fi wa yaron amfani a kan wanda babba ya gyara tsaf.

Bayanin ya shafi yara 'yan shekara 5 zuwa 9, wato aji ɗaya zuwa huɗu a Najeriya, ko CI zuwa CE2 a Nijar.

A fara da tsayar da lokaci

Ranar yaron Bahaushe a cike take. Ya fita boko da bakwai da rabi, ya dawo wajen ɗaya ko biyu, ana yin la'asar ya saɓi jakar Islamiyya, ba zai shigo ba sai dab da magariba, wani ma akwai karatun allo da dare. Gurbin da ya rage kaɗan ne, kuma idan ba a tsayar da ɗaya ba, kullum sai an yi rigima a kan "yanzu" da "anjima".

Mafi dacewa shi ne bayan abincin rana: ya cire kayan makaranta, ya ci, ya sha ruwa, ya huta minti 30 zuwa 45, sannan a zauna wajen ƙarfe uku. Akwai hasken rana, ba ruwan kowa da an kawo wuta ko an ɗauke, darasin kuma yana ɗanye a kansa. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, wannan lokacin ba ya daɗi ko ga babba, sai a mayar da zaman tsakanin magariba da isha'i, da fitila mai caji ko ta sola. Bayan isha'i kuwa kada ya zama ɗabi'a. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, wanda zai tashi da shida saura kuwa ya kamata tara ta same shi a kwance. Mafi muni shi ne safiya, ana neman safa ɗaya, mai adaidaita yana oda a ƙofa, sannan a tuna da aikin lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da aka bayar ranar Juma'a a yi shi Juma'ar da yamma, tunda yawancin Islamiyyu ba su karatu Alhamis da Juma'a, kada a bar shi sai daren Lahadi.

Tsawon zaman fa? Akwai wani ma'auni da ƙungiyoyin malamai da na iyaye a Amurka suka daɗe suna aiki da shi: minti 10 ga kowane aji. Ɗan aji ɗaya minti 10, ɗan aji biyu 20, ɗan aji uku 30, ɗan aji huɗu 40. Makarantun kuɗi na nan gida sukan zarce haka nesa, domin wasu iyaye da yawan aikin gida suke auna ingancin makaranta. Binciken Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke, wanda ya tattara nazarce-nazarce da dama a 2006, ya nuna alaƙar yawan aikin gida da ƙoƙarin ɗalibi ta fi fitowa a sakandare, a firamare rauni gare ta. Amfaninsa ga ƙaramin yaro shi ne sabo da maimaici. Idan aikin ya wuce minti 20, a raba shi: minti 10 zuwa 15 na aiki, minti 3 zuwa 5 ya miƙe ya sha ruwa ya zaga tsakar gida, ya dawo. Hutun nan ba na waya ba ne ko talabijin, wanda ya shiga katun ba ya fitowa cikin minti biyar.

Wani abu da sai mai gida da uwar gida sun tsaya a kai: lokacin nan ba na aike ba ne. Ba a ce "tashi ki miƙo min ludayi", ba a ɗora mata goyo, ba a tura shi sayo magi. 'Ya'ya mata aka fi cuta a nan, namiji yana rubutu ita tana wanke-wanke, sai ta gaji liƙis a ce ta ɗauko littafi.

Wuri da kaya

Ba sai da tebur da kujera ba. Tabarma da 'yar kujerar tsuguno ko faffaɗan katako da za a ɗora littafi sun isa, muddin ba a kan cinya ko katifa yake rubutu ba, don abu mai laushi yana ɓata rubutu. Tsakanin ido da littafi ya kai tsawon rula, santimita 30. Haske ya zo ta hagu ga mai rubutu da dama, ta dama ga bahago, don kada inuwar hannu ta rufe layi. A samu gwangwani ko 'yar roba a zuba fensir biyu fiƙaƙƙu, magogi, abin fiƙe fensir, rula, da tsohon littafi na gwaji, a ajiye su don gida kawai inda ƙannai ba su kaiwa. Rabin lokacin aikin gida a wasu gidajen wajen neman fensir yake tafiya. A haɗa da kayan ƙirga: marafan kwalba 20, da tsinken tsintsiya kamar 100 da aka kakkarya daidai tsawon yatsa, da 'yan robobin ɗauri. Za a ga amfaninsu a ƙasa.

Yadda zaman yake tafiya

Da farko yaro ne zai buɗe jaka ya fito da littattafan, ya faɗa da bakinsa abin da aka ba shi. Kada a tambaye shi "an ba ku aiki?", amsar a shirye take: a'a. A ce, "Abba, nuna min abin da kuka yi yau a lissafi." Shafin aikin aji shi ne mabuɗi, a nan za a ga misalin da malami ya yi da hanyar da ya bi. A bi hanyar malamin ko da babba ya san wata da ta fi sauri. Hanya biyu a mako ɗaya rikita ɗan shekara bakwai take yi, ga shi kuma a wurinsa maganar Anti ko Malam ba ta da na biyu.

Na biyu, ya karanta umarnin da ƙarfi, sannan ya faɗa da Hausa abin da ake so ya yi. Wannan matakin aka fi tsallakewa, alhali a nan matsala ta fi yawa. Yara da yawa sun iya lissafin, Turancin ko Faransancin tambayar ne ya tare su. Yin bayani da Hausa ba ya rage wa yaro Turanci. Abin da ya fahimta da harshen uwa shi zai iya ɗora wa kalmar baƙon harshe ta zauna. A fassara masa kalmomin umarni da suke yawan dawowa, irin su zagaye, ja layi a ƙasa, cike gurbi, haɗa da wanda ya dace, a rubuta su a bangon littafin gwaji.

Na uku, a fara da mai sauƙi. Tambaya biyu da zai ci nan take suna buɗe masa zuciya kafin a kai ga mai wuya. Idan shafin ya cika da tambayoyi 20, a rufe na ƙasa da farar takarda a bar biyar a buɗe. Ganin yawan kaɗai yana sa wani yaron kuka.

Na huɗu, idan abin sabo ne ko ya manta, a bi hawa uku a littafin gwaji, da misalin da ba na cikin aikin ba. Babba ya yi ɗaya yana faɗin abin da yake yi a fili. Su yi na biyu tare, babba yana tambaya "sai me kuma?" yaro yana amsawa. Yaro ya yi na uku shi kaɗai. Idan ya ci, ya koma kan aikin makaranta. Idan bai ci ba, a koma hawa na biyu da wani misalin, kada a sake dogon bayani. Bayanin da ya wuce minti ɗaya ya wuce kan yaro.

Na biyar, a ja da baya. Da ya kama hanya, uwa ta koma tsintar shinkafarta ko ɗinkin hularta a inda yake ganinta, ta ce, "Ummi, yi uku ki kira ni." Zama a kansa ana kallon bakin fensir yana koya masa ɗaga kai bayan kowane harafi yana karanta fuskar babba, ya bar karanta littafi. Ɗan aji ɗaya yana bukatar a zauna kusa kusan duk zaman. Ɗan aji uku ya kamata a ce farko da ƙarshe kawai ake leƙa shi.

Na shida, dubawa. Idan an ga kuskure kada a dangwala yatsa a kai. A ce, "A layin nan akwai ɗaya da ba ta zauna daidai ba, nemo ta." In ya gano ya gyara da kansa, an ci riba biyu. In bai gano ba bayan an taimaka sau biyu, a bar ta haka a yi 'yar alama a gefe don malami. Daga nan shi zai mayar da littafi jaka, a rataye ta inda aka saba.

Idan ya maƙale a karatu

Yaro yana karatu ya ci karo da kalma ya tsaya. Abin da bakin babba ke so shi ne ya faɗa masa nan take. A danne. Akwai wata hanya da masana a ƙasar New Zealand suka tsara wa iyaye tun ƙarshen shekarun 1970, matakinta uku: dakata, tuna masa, yaba. A yi shiru daƙiƙa biyar ana ƙirgawa a zuci, yara da yawa cikin wannan shirun suke warware kalmar. In bai yi ba, a ba shi ɗan haske: "Da wane sauti ta fara?" ko "Raba ta gaɓa-gaɓa." In an ba shi haske biyu bai samu ba, a faɗa masa kalmar, ya maimaita, ya sake karanta jimlar daga farko, a wuce. Idan ya gyara kansa, a faɗa masa an gani.

Karatun Hausa yana da sauƙin da ya kamata a ci moriyarsa, domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Baƙi da wasali su ba da gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Gaɓa biyu su ba da kalma: ba-ki, ta-sa, ku-nu. A yanka kwalin sabulu ko na taliya ƙanana, a rubuta gaɓa ɗaya a kowanne, yaro ya riƙa jera su yana ƙera kalmomi. Wanda ya iya haɗa sauti da Hausa ya riga ya san sirrin karatu, sauran harsuna sabbin ƙa'idoji kawai zai ƙara. A kan wannan tunanin aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a firamaren Bauchi da Sakkwato. In akwai su a kusa, ko wani littafin Hausa mai manyan haruffa, a karanta minti 10 kullum ko da ba a ba da aikin gida ba.

Akwai rikice-rikicen da yaranmu suka fi faɗawa, kuma kowanne da dalilinsa. Sunan da Turanci ya ba harafin e shi ne sautin da Hausa ta ba i, sunan a kuma ya yi kama da e ɗin Hausa, shi ya sa a shifta yaro yake musanya su. Maganinsa a riƙa kiran haruffa da sautinsu lokacin haɗa kalma, a bar sunayensu sai wajen waƙar abacada. Hausa ba ta bambanta p da f ba, don haka sai an nuna masa da baki: a p leɓɓa biyu suke haɗuwa su fashe, a f ta Turanci haƙoran sama suke taɓa leɓen ƙasa. A riƙe 'yar takarda gaban bakinsa ya ga yadda p ke ture ta. Harafin c a Hausa sautinsa ɗaya, kamar a "ciki", a Turanci da Faransanci kuwa wani lokaci k ne wani lokaci s. Juya b da d, ko rubuta 3 da 7 a baibai, abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, ba alamar daƙiƙanci ba ce. Ga kuma namu ƙarin: ɓ da ɗ masu lanƙwasa, da yaron da safe yake rubutu daga hagu, da yamma a Islamiyya daga dama. In yana fara layi daga dama, a ɗiga masa ɗigo a gefen hagu na kowane layi na mako biyu, ya san nan ne mafari.

A lura da mai karatun aku. Wani yaron zai rera shafi guda ba gargada, idonsa ma ba a kan littafin yake ba. Kunnen yaranmu ya saba da hadda, baiwa ce, amma takan ɓoye rashin iya karatu har aji huɗu. Gwajin mai sauƙi ne: a nuna kalma ɗaya a tsakiyar shafi, ko a rubuta ta a wata takarda, a ce ya karanta. Sannan bayan kowane shafi a rufe littafi a ce, "Ba ni labarin da Hausa."

Kalmomin shifta kuwa kada a sa shi ya rubuta kowacce sau ashirin, hannu ne yake aiki kai yana wani wuri. Ya kalli kalmar, ya faɗe ta, a rufe, ya rubuta daga ka, a buɗe ya duba da kansa. Kalma biyar a zama ɗaya. A waiwaye su gobe, a sake bayan kwana biyu. Minti biyar sau uku a mako ya fi rabin awa a daren jarrabawa.

Lissafi: a karanta kuskuren kafin a goge shi

Amsar da ba daidai ba takan faɗi ainihin inda yaro ya ɓace. Misali an ba shi 27 + 15 ya rubuta 312. Ba shirme ya yi ba: ya tara 7 da 5 ya samu 12 ya rubuta duka, ya tara 2 da 1 ya samu 3. Tarawa ya iya, abin da bai gane ba shi ne gidan ɗaiɗai ba ya ɗaukar abin da ya kai goma. Ko an ba shi 34 − 17 ya rubuta 23: ya ga 7 ba ta fita daga 4, sai ya juya ya cire 4 daga 7. Wannan kuskuren ya zama ruwan dare a aji biyu da uku, kuma faɗin "ka ranto ɗaya" sau goma ba ya gyara shi, don bai san me ake rantowa ba.

A nan tsinken tsintsiya yake shigowa. Yaro ya ƙirga goma-goma ya ɗaure da roba da hannunsa. A ja layi a ƙasa, dami a hagu, ɗaiɗai a dama. Ya ajiye 34: dami uku, tsinke huɗu. A ce ya ba da 17. Zai ɗauki dami ɗaya, ya zo kan bakwai ya ga huɗu ne kawai. A yi shiru. In bai yi tunanin kwance dami ba, a tambaye shi, "Ina za mu samo wasu tsinkayen?" Da ya kwance ɗaya, ɗaiɗai sun zama 14, ya cire 7 saura 7, dami ɗaya ya rage, amsa 17. Sai a sake yi, wannan karon duk abin da hannu ya yi a rubuta shi a takarda: an kwance dami, a soke 3 a rubuta 2, 4 ta zama 14. A tarawa kuma akasin haka, tsinkaye sun kai 12, a ɗaure goma a tura su gidan dami, shi ne "ajiye ɗaya" da malami yake faɗa. Kwana uku zuwa biyar ana wannan, misali uku kullum, yawanci ya isa a ajiye tsinken.

Kada a hana shi ƙirga da yatsu a aji ɗaya da biyu, mataki ne. Abin da za a koya masa shi ne ya daina farawa daga ɗaya: a 8 + 3 ya riƙe takwas a ka, ya ɗora tara, goma, sha ɗaya. A kuma haddace masa abokan goma, 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5, da marafan kwalba goma ana ɓoye wasu a tafin hannu yana cankar nawa ne. Ƙirgar Hausa ma tana taimakawa, mai cewa "ashirin ba ɗaya" ya riga ya yi ɗebewa bai sani ba, kuma "goma sha uku" ta faɗi goma kafin uku yadda ake rubutawa. Turanci daga 13 zuwa 19 lambar gidan ɗaiɗai yake fara faɗa, shi ya sa yaro kan rubuta 31 a maimakon 13.

Jadawalin sau kada a bi shi a jere. A fara da na 2, na 10, na 5, sai na 4 wanda ninkin na 2 ne, sai 3, 6, 9, a bar 7 da 8 daga baya. A nuna masa da marafai cewa layi uku na huɗu-huɗu, in an juya, layi huɗu ne na uku-uku. Da wannan, daga sau 2 zuwa sau 9, abin haddacewa ya sauko daga 64 zuwa 36. Yaran Nijar suna da wata riba a nan, tunda kuɗi da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya faran 5, dala ashirin faran 100, jadawalin 5 a bakinsu yake tun daga kasuwa. Sai dai a bambance musu dala da faran, don littafin makaranta da faran yake magana.

Lissafin zance, irin na "Audu yana da lemo kaza", a bi shi haka: ya karanta, ya ba da labarin da Hausa, ya zana ko ya jera marafai, a tambaye shi "abin zai ƙaru ne ko zai ragu?", sannan ya rubuta lambobi.

Rubutun hannu ba ya son dogon zance. Yatsu uku ke riƙe fensir, babba da manuni da na tsakiya, kamar santimita 2 daga baki. Guntun fensir ya fi wa ƙaramin hannu. Tsakanin kalma da kalma ya sa yatsa ɗaya. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya fara da manyan haruffa a kan yashi ko da alli a siminti. Bahago a bar shi ya yi rubutu da hagunsa, a karkata masa littafin zuwa dama kaɗan. Tarbiyyar ci da karɓa da dama daban take, tilasta masa rubutu da dama kuwa ba abin da yake ƙarawa sai mummunan rubutu da ƙin littafi.

Abin da ke sa yaro ya so zaman

Yaro yana son abin da yake jin ya iya. Duk wata dabarar ƙarfafa gwiwa a bayan wannan take, shi ya sa saukar da aiki daidai ƙarfinsa ya fi alewa tasiri. Amma kalaman babba ma suna da nauyi. A 1998 Carol Dweck da Claudia Mueller sun gwada 'yan aji biyar a Amurka: wasu aka yaba musu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, suka fi zaɓen mai sauƙi don kada sunansu ya ɓaci. Don haka maimakon "kai gwani ne", a faɗi abin da ya yi: "Na ga ka kuskure, ka koma ka nemo da kanka, madalla." "Yau duk haruffanki a kan layi suka zauna, Allah ya yi miki albarka." Sa albarkar iyaye a kunnen ɗan Hausa ba ƙaramin abu ba ne. Uban da ba ya gida da rana ya ware minti biyu da dare, ya buɗe littafin ya tambayi abu ɗaya, yaro ya san aikinsa yana da mai gani.

Kyauta a yi hattara da ita. In aka saba naira hamsin kowane aiki, ranar da babu canji babu aiki, farashin kuma hawa yake. Wani sanannen gwaji a Jami'ar Stanford a 1973 ya nuna yaran da suke son zane da kansu, da aka yi musu alƙawarin lada a kansa, sha'awarsu ta ragu daga baya. Abin da ya fi shi ne jeri: "In ka gama sai ƙwallo." Wasa na bayan aiki, kullum haka, ba ciniki. Ga ƙanana ana iya manna takarda a bango mai gidan kwana biyar, duk ranar da ya zauna a kan lokaci ya yi maki da hannunsa. Makin na zama ne da ƙoƙari, ba na cin duka ba. In mako ya cika a yi masa abin da ba kuɗi ba: tatsuniya biyu maimakon ɗaya, rakiyar Baba kasuwa, zuwa gidan kaka. A kuma ba shi ɗan zaɓi, "lissafi za ka fara ko Turanci?", amma ba zaɓin yi ko bari ba.

Bulala, ranƙwashi, da "daƙiƙi kawai" suna sa yaro ya nutsu a ido, amma mai tsoro ba ya tunani, canka yake yi don ya tsira. Daga nan sai ɓoye littafi, yage shafi, da "ba a ba mu ba". Haka gori da wani: "dubi ƙanwarka", balle a gidan da ake da 'yan uba, inda gorin yake zama gaba har girma. A gwada shi da kansa na watan jiya, a buɗe tsohon shafi ya ga bambanci. In babba ya ji ransa ya fara ɓaci, ya tashi ya sha ruwa. In yaro ya fashe da kuka, a rufe littafi minti 10, a dawo da tambayar da ya iya, a tashi a kanta. Idan lokaci ya ninka abin da ya dace aikin bai ƙare ba, a tsaya, a rubuta wa malami a ƙasan shafi: "Malama, barka da aiki. Ya yi minti 40, ya yi na 1 zuwa 6 da kansa, ɗebewa mai rance ce ta ba shi wuya. Mun gode." Malamin kirki ya fi son wannan a kan shafin da aka cike masa.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce ba ta da abin yi. Tsayar da lokaci, hana aike, da zama kusa duk nata ne. Ta ce, "Koya min abin da aka koya muku yau", yaron da ya yi bayani ya maimaita darasi ke nan, inda ya yi tuntuɓe kuma ko ba ta san amsa ba za ta ji. Lissafin tsinke da na canji kuwa ta fi kowa iyawa. In yaya ko yayar gida za su taimaka, a gindaya musu sharaɗi: su yi nasu misalin a littafin gwaji, ba su taɓa na makaranta. Haka waya, babba na iya duba ta don ya tuna hanya, amma ba a ɗauki hoton tambaya a kwafo amsa ba. Malamin lesin ma da wannan ake auna shi. Bayan ya tafi a canza lambobin tambaya ɗaya a ba yaron, in mako huɗu ana haka ba ya iyawa, aikin ake yi masa.

Wani lokaci matsalar ba ta karatu ba ce sam. Yaron da yake kwafo allo da kurakurai, yana ƙanƙance ido, yana manna fuska a littafi ko yana kukan ciwon kai, a kai shi a auna idonsa. Wanda sai an maimaita masa magana, musamman in kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, a duba jinsa. Mai yawan kasala da hamma, tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, a duba ƙarancin jini da tsutsar ciki. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko ciwon sikila a rage masa aiki na 'yan kwanaki, a nemo darussan da suka wuce shi a cike su ɗaya bayan ɗaya. In kuma lafiyarsa ƙalau, bakinsa da wayo, lissafin ka ba ya ba shi wuya, amma ya haura shekara takwas haɗa sauti ya gagara duk da an yi wata uku ana bi da shi kullum, to akwai lalurar wahalar karatu da ake haihuwar wasu yara da ita, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. A je makaranta a zauna da malamin aji da hedimasta, a tafi da littafin gwajin don su ga irin kurakuran, a roƙi a dawo da shi gaba a aji, a rage masa yawan rubutu, a riƙa karanta masa tambaya yana amsawa da baki, a gida kuma a ci gaba da katunan gaɓa minti 10 kullum.